Yadda Ake Jera Wakilan Suna da Aikatau a Jimlar Faransanci

Ƙasar Hausa kewaye take da masu aiki da Faransanci. A Nijar da shi aka daɗe ana karatun lakwal da aikin ofis, haka kuma a Benin da Togo da Chadi da mafi yawan Kamaru. Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kwatano ko Lome, da ɗalibin jami'a da aka tura ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri a jihar Legas, abu guda ne yake fara ci musu tuwo a ƙwarya. Sun haddace kalmomi da dama, amma in an zo haɗa su sai jimla ta karkace. Galibi ƙananan kalmomin nan ne masu harafi biyu ko uku, irin su *le* da *lui* da *en*, ake rasa inda za a ajiye su.

Bahaushe yana da rabin aikin a bakinsa tun kafin ya buɗe littafi, domin tsarin jimlar Faransanci bai yi nisa da na Hausa ba. Babban bambancin guda ɗaya ne: da zarar an cire suna an sa wakilinsa, sai wakilin ya bar bayan aikatau ya koma gabansa. Wanda ya riƙe wannan, sauran ƙa'idojin za su zo masa da sauƙi.

Ƙashin bayan jimla

Jimlar Faransanci tana farawa da mai aikatawa, sai aikatau, sai abin da aikin ya faɗa wa, kamar dai a Hausa.

*Moussa achète un livre.* Musa yana sayen littafi.
*Moussa achète un livre au marché.* Musa yana sayen littafi a kasuwa.

Wuri yakan zo ƙarshe. Lokaci kuwa yana iya zama a farko ko a ƙarshe: *Demain, je vais à Maradi*, ko *Je vais à Maradi demain*, duk daidai ne. Gajerun kalmomin bayani kamar *bien* da *souvent* da *toujours* suna bin aikatau kai tsaye, ba sa shiga tsakaninsa da mai aikatawa: *Il parle bien français*, ya iya Faransanci sosai.

Akwai wurare uku da al'adar Hausa za ta ja ka ka kauce. Na farko, mu mukan ce "Musa ya tafi", mu kawo suna mu kuma kawo *ya*. A rubutun Faransanci sunan kaɗai ya isa: *Moussa est parti*. Za ka ji ana cewa *Moussa, il est parti* a hira, amma kada ka kai shi takardar jarrabawa. Na biyu, in an ba wani wani abu, Hausa tana fara ambaton mutumin: A'isha ta ba Musa littafin. Faransanci yana fara ambaton abin, sannan mutumin tare da *à*: *Aïcha donne le livre à Moussa*. Na uku, sifa. Mu muna da zaɓi tsakanin "farar mota" da "mota fara". A Faransanci mafi yawan sifofi bayan suna suke, *une voiture blanche*, sai 'yan kaɗan da aka saba sa su a gaba, irin su *grand, petit, bon, beau, jeune, vieux* da *nouveau*.

Masu aikatawa

Wakilan sunan da ke buɗe jimla guda tara ne: *je* (ni), *tu* (kai ko ke), *il* (shi), *elle* (ita), *on*, *nous* (mu), *vous* (ku), *ils* da *elles* (su). Ba a barin aikatau ba tare da ɗayansu ko suna a gabansa ba, sai a umurni. Ko a maganar ruwan sama sai an kawo *il*: *il pleut*, ana ruwa. Haka *il faut*, dole ne, da *il y a*, akwai.

A Hausa lokacin aiki yana jikin wakilin suna: na zo, ina zuwa, zan zo, nakan zo. A Faransanci *je* ba ya sauyawa, wutsiyar aikatau ce take ɗauke da lokaci da kuma mai aikatawa. Duba *parler*, wato yin magana: *je parle, tu parles, il parle, nous parlons, vous parlez, ils parlent*. A rubuce siffofi biyar ne, amma a kunne uku ne kawai, domin *parle* da *parles* da *parlent* furucinsu ɗaya. Shi ya sa wakilin suna ya zama tilas, shi ne yake gaya wa mai sauraro wane ne ke magana.

*Tu* bai bambanta namiji da mace ba, amma ya bambanta kusanci da girmamawa. Aboki da ƙane da yaro ake ce wa *tu*. Baƙo da dattijo da malami da jami'in ofis kuwa *vous* ake ce musu ko da mutum ɗaya ne, kamar yadda mai ladabi yake ce wa babba "kun tashi lafiya?" In kana shakka, fara da *vous*, ka bari shi ya ba ka izinin saukowa.

*On* ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne "an" da "ana" da "a" na Hausa: *On parle haoussa à Zinder*, ana Hausa a Damagaram. A hirar yau da kullum kuma ya kusa ƙwace wurin *nous*: *On y va*, mu tafi. Kullum aikatau ɗinsa irin na *il* ne, ko da mutum goma ake nufi.

Kowane suna a Faransanci namiji ne ko mace, har kujera da kofi, kuma wannan ma mun saba da shi. Tarkon shi ne jinsin bai cika dacewa da namu ba. Rana mace ce a Hausa, *le soleil* namiji ne. Wata namiji ne a wurinmu, *la lune* mace ce. Gida namiji, *la maison* mace. Kasuwa mace, *le marché* namiji. Don haka kada ka haddace suna tsirara, haddace shi da *le* ko *la* ɗinsa, domin daga nan ne za ka san ko *il* za ka ce ko *elle*. A jam'i, *elles* na mata zalla ne. In akwai namiji ko da ɗaya a cikinsu, *ils* ake cewa.

Ka lura da furuci a wuri biyu. *Je* yana zubar da wasalinsa a gaban wani wasali: *j'ai, j'achète*. Harafin *s* na ƙarshen *nous, vous, ils, elles* kuma, wanda ba a furtawa, yana farkawa da sautin *z* a gaban wasali. Da wannan sautin kaɗai ake bambanta *ils ont*, suna da, da *ils sont*, su ne.

Wanda aikin ya faɗa wa kai tsaye

Ga inda hanya ta rabu. A Hausa, suna da wakilinsa wuri guda suke zama: na san Musa, na san shi. A Faransanci suna yana baya, wakilinsa yana gaba.

*Je connais Moussa.* Na san Musa.
*Je le connais.* Na san shi.
*Je la connais.* Na san ta.
*Je les connais.* Na san su.
*Il me connaît.* Ya san ni.

Wakilan su ne *me, te, le, la, nous, vous, les*. Huɗun farko suna gajarcewa a gaban wasali: *je l'aime, il m'attend*. Kuskuren da ya fi yawa a bakin sabon shiga shi ne *je connais lui*, wato an ɗauki kalmomin Faransanci an jera su bisa tsarin Hausa. Za a fahimce ka, amma nan take za a san matsayinka.

Wanda aka yi wa ko aka yi domin sa

Abin da Hausa take nunawa da mini, maka, masa, mata, mana, muku, musu, Faransanci yana nuna shi da *à* a gaban suna. In aka cire sunan, sai *à* ta tafi tare da shi, wakili ya koma gaban aikatau. *Me, te, nous, vous* ba sa sauyawa. Sababbin guda biyu ne kawai: *lui* na mutum ɗaya, namiji ko mace, da *leur* na jam'i.

*Je parle à Aïcha. Je lui parle.* Ina yi mata magana.
*J'écris à mes parents. Je leur écris.* Ina rubuta musu wasiƙa.

Wannan *leur* ba ya ɗaukar *s* har abada, kada ka haɗa shi da *leurs* na mallaka, kamar a *leurs enfants*, 'ya'yansu.

A nan ne ya kamata ka daɗe, domin harsunan biyu ba su raba aikatau iri ɗaya ba. Muna cewa "na taimaka masa" da "na gode masa", sai baki ya ja ka zuwa *lui*. Amma *aider* da *remercier* ba sa ɗaukar *à*, don haka *je l'aide* da *je le remercie* ake cewa. Akasin haka, muna cewa "na tambaye shi" kai tsaye, alhali *demander* sai da *à* in mutum ake tambaya: *je lui demande*. Kiran waya ma iri biyu ne: *je l'appelle*, amma *je lui téléphone*. Maganin shi ne duk aikatau ɗin da ka koya, ka duba ƙamus ka ga ko *quelqu'un* ne ke bin sa ko *à quelqu'un*, ka rubuta su tare a littafinka.

Y da en

*Y* yana wakiltar wuri, ko abin da ba mutum ba wanda *à* ta gabata. *Tu vas à Niamey ? Oui, j'y vais.* Za ka Yamai? I, za ni. A Hausa ba sai ka ce "can" ba, amma a Faransanci *je vais* shi kaɗai guntuwar magana ce, mai sauraro zai ci gaba da jiran saura.

*En* yana wakiltar abin da *de, du, de la* ko *des* suka gabata, da duk abin da ake ƙirgawa ko aunawa. *Tu veux du thé ? Oui, j'en veux.* Kana son shayi? I, ina so. In akwai adadi, adadin yana zama a bayan aikatau, *en* yana gaba: *J'en veux deux*, ina son biyu. Cewa *je veux deux* kuskure ne da ake yawan ji a kasuwa. Jimloli biyu da za su yi maka amfani kullum su ne *il y en a*, akwai, da *il n'y en a pas*, babu.

In sun haɗu: kowa da sahunsa

Wakilai biyu suna iya haɗuwa a gaban aikatau guda, kuma ba a jera su yadda aka ga dama. Kamar sahun salla ne, kowa ya san inda yake tsayawa:

Sahu na ɗaya: *me, te, se, nous, vous*
Sahu na biyu: *le, la, les*
Sahu na uku: *lui, leur*
Sahu na huɗu: *y*
Sahu na biyar: *en*

Daga nan sai aikatau. *Il me le donne*, yana ba ni shi. *Je le lui donne*, ina ba shi shi. *Elle nous en apporte*, tana kawo mana. Ka lura mutum yana riga abu in ni ne ko kai ko mu ko ku, amma abu yana riga mutum in shi ne ko ita ko su, sai dai in abin *en* ne, wanda kullum yake ƙarshe. Wannan juyin ne yake rikita mutane, kuma ya fi sauƙi ka haddace su bibbiyu da baki, *me le, te la, le lui, les leur, lui en*, har kunne ya saba.

*Se* da ke sahun farko na aikin da mutum ya yi wa kansa ne: *il se lave*, yana wanka. Yana sauyawa da mai aikatawa: *je me lave, tu te laves, nous nous lavons*. Tun ranar farko ka fara amfani da shi a *je m'appelle*, sunana.

Korewa, shuɗaɗɗen lokaci, da aikatau biyu

Korewa da kalma biyu ake yin ta, *ne* da *pas*, kamar "ba … ba" namu. Bambancin yana ga inda ake rufewa. Hausa tana kai "ba" ta biyu ƙarshen jimla: ban ga Musa a kasuwa ba. Faransanci yana rufewa nan da nan bayan aikatau ɗin da aka sarrafa: *Je n'ai pas vu Moussa au marché*. Wakilan suna kuwa ba sa rabuwa da aikatau, don haka *ne* tana tsayawa a gabansu: *Je ne le connais pas*, ban san shi ba. *Jamais, plus* da *rien* suna zama a gurbin *pas*: *je ne le vois plus*, na daina ganin sa. Bayan korewa *un, une, du, des* sukan koma *de*: *Je n'ai pas de monnaie*, ba ni da canji. A hira za ka ji an haɗiye *ne*, ana cewa *je sais pas*, amma a rubutu sai an kawo ta.

Shuɗaɗɗen lokacin da aka fi amfani da shi, *passé composé*, kalma biyu ne, mataimaki *avoir* ko *être* da kuma ainihin aikatau. Wakilai suna gaban mataimakin: *Je l'ai vu*, na gan shi. *Je ne lui ai pas parlé*, ban yi masa magana ba. In wakilin na kai tsaye ne kuma mace ce ko jam'i, ƙarshen aikatau yana bin sa: *Aïcha ? Je l'ai vue.* Sau da yawa ido ne kawai yake ganin wannan *e*, amma wani lokaci kunne ma yana jin ta: *La lettre ? Je l'ai écrite.*

In aikatau biyu suka jeru, na biyun yana siffarsa ta ƙamus, wakili yana tsayawa a gaban na biyun, domin shi ne mai aikin: *Je vais le voir*, zan gan shi. *Je veux lui parler*, ina son in yi masa magana. *Je ne peux pas y aller*, ba zan iya zuwa ba.

Umurni da tambaya

Umurni ne kaɗai wurin da wakilai suke komawa baya kamar a Hausa, ana haɗa su da aikatau da karan ɗori, *me* da *te* kuma su zama *moi* da *toi*. *Regarde-moi*, dube ni. *Prends-le*, ɗauke shi. In biyu ne, abu yana riga mutum, sai dai in abin *en* ne: *Donne-le-moi*, ba ni shi. Amma da zarar umurnin ya zama hani, kowa ya koma sahunsa na gaba: *Ne me le donne pas*, kada ka ba ni shi.

Tambaya hanya uku gare ta. Mafi sauƙi, ka bar jimla yadda take ka ɗaga murya a ƙarshe: *Tu le connais ?* Ta biyu, ka sa *est-ce que* a farko, kamar "shin": *Est-ce que tu le connais ?* Ta uku, ta rubutu da maganar girmamawa, ka juya mai aikatawa ya koma bayan aikatau: *Le connais-tu ?* In wasula biyu suka yi karo sai a sa *t* a tsakani: *Parle-t-il haoussa ?* A duka ukun *le* bai motsa daga gaban aikatau ba.

Saura rukuni guda, masu iya tsayawa da ƙafarsu: *moi, toi, lui, elle, nous, vous, eux, elles*. Su ne daidai da ni, kai, shi, ita, mu, ku, su. Ana kawo su bayan kalmomi irin su *avec, pour, chez, sans*, ko don jaddadawa: *avec moi*, tare da ni, *chez eux*, a gidansu, *Moi, je reste*, ni dai ina nan.

A kasuwar Dantokpa

Ga yadda abin yake a baki, tsakanin mai saye da wata mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Kwatano:

*Bonjour madame, vous avez des pagnes ?* Barka da rana, kuna da atamfa?
*Oui, j'en ai. Vous en voulez combien ?* I, akwai. Nawa kuke so?
*Montrez-les-moi d'abord.* Ku fara nuna mini su.
*Les voici.* Ga su.
*Le bleu me plaît. Vous me le laissez à combien ?* Shuɗiyar ta yi mini. Nawa za ku bar mini ita?
*Je vous le laisse à dix mille.* Na bar muku dubu goma.
*Donnez-m'en deux. C'est pour ma mère, je vais les lui apporter.* Ku ba ni biyu. Na mahaifiyata ne, zan kai mata su.

Sau ɗaya aka ambaci *pagnes*, sauran cinikin duk wakilai ne suka ɗauke shi. *Le pagne* namiji ne, shi ya sa aka ce *le bleu* da *me le*, duk da cewa atamfa mace ce a wurinmu.

Matakan aiki

Duk lokacin da za ka maye gurbin suna, yi wa kanka tambaya huɗu. Mene ne a gaban sunan, *à* ce ko *de* ko babu komai? Mutum ne ko abu ko wuri? Namiji ne ko mace, tilo ko jam'i? Wane aikatau ne yake da shi?

Gwada da wannan: *Je vais envoyer l'argent à mon frère*, zan aika wa ɗan'uwana kuɗin. *L'argent* ba shi da komai a gabansa, namiji ne tilo, don haka *le*. *À mon frère* mutum ne mai *à*, don haka *lui*. Sahu na biyu yana riga na uku. Mai aikin shi ne *envoyer*. Sakamako: *Je vais le lui envoyer*. Yanzu juya ta ta kowace fuska. Korewa: *Je ne vais pas le lui envoyer*. Shuɗaɗɗe: *Je le lui ai envoyé*. Umurni: *Envoie-le-lui*. Hani: *Ne le lui envoie pas*.

Kada ka ɗauki rukunan duka a zama guda. Fara da *le, la, les* har su zauna, sannan *lui* da *leur*, sannan *en* da *y*, daga ƙarshe ka haɗa biyu. Sami abokin karatu ya riƙa yi maka tambaya da suna, kai kuma ka amsa da wakili, da babbar murya, ba tare da kallon takarda ba. Shirin labarai na *Journal en français facile* da gidan rediyon RFI yake sakawa a intanet yana zuwa da rubutaccen abin da aka karanta. Ɗauki sakin layi guda, ja layi a ƙarƙashin kowane *le, lui, leur, y* da *en*, ka nemo sunan da kowannensu ya tsaya a madadinsa. Daga nan sai ka ɗauki *donner, dire, montrer, prêter* da *apporter*, ka juya kowannensu ta fuskoki biyar ɗin nan na sama.